Saƙon da Alhaji Ɗanjuma Ya Tura wa 'Yar Yaya Sani

Da kakar bana Yaya Sani ya cika shekara bakwai a ƙasa. Tun ana yankan gero na so in yi wannan rubutu, sai wani abu ya faru da ya sa na ajiye alƙalami har sai da hankalina ya dawo jikina. Yanzu kam ya dawo, alhamdu lillahi, don haka kada ku yi mamaki in kun ji ni ina dariya a wurin da ya kamata in share hawaye.

Ga wanda bai san shi ba, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗambatta. A kwalejin horon malamai ya koyo ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki, ya kwaso mana ita ya kawo gida. Mutanen garinmu kuwa 'yan dara ne tun kaka da kakanni, dariya suka yi ta yi masa. Wace irin dara ce ba gurbi, ba ihu? Bai yi fushi ba. Ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da za mu iya riƙewa, wannan rumbu, wancan liman, ƙananan nan sojoji. Kafin a yi damina biyu, dattawan da suka fi kowa yi masa dariya su ke riga kowa zuwa bayan la'asar.

Babbar hidimarsa a shekara ita ce gasar ces ta ƙasa. A lokacin ba ma ganin komai a kan kari. Wani abokinsa ne a Kano yake samo wasannin a rubuce, ya ba direban motar haya, su iso mana bayan makonni, takardar duk ta sha manja. Yaya sai ya jera allo, ya karanta motsi ɗaya, ya tura, ya ɗaga kai ya ce, "To, in kai ne me za ka yi?" Nan fa majalisa take kacamewa. A dara ɗan kallo yana da baki, wani lokacin har da hannu, kuma da wannan halin muka shigo ces, ba mu rage komai ba. Wanda ya fi mu duka shi ne Alhaji Ɗanjuma, aminin Yaya, mai sayen hatsi, gwanin darar da ba a taɓa jin ya ga kuskure ya yi shiru ba. Sai ka ga ya miƙe tsaye yana yi wa wani ɗan wasa na Legas faɗa kamar yaron gidansa. Yaya yakan yi murmushi ya ce, "Yi ta yi, Alhaji, ai mutanen sun daɗe da komawa gidajensu."

Gaskiyarsa kuwa. Surutunmu bai taɓa cutar da kowa ba, saboda wasan da ya riga ya ƙare muke wa ihu. Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau, da ɗan wasa zai tura doki a can kudu, kafin ya janye hannunsa mun gani a waya a gindin tsamiya. Na san zai yi murna, don mutum ne mai son sabon abu. Amma ina jin da shi zai fara hango abin da mu ba mu hango ba.

Yaya ya bar 'ya mace, Hauwa. A tsakar gida ya koya mata wasan tun tana 'yar mitsitsiya, yanzu tana jami'a, can wajen Rijiyar Zaki. Bana aka zaɓe ta cikin waɗanda za su je gasar ƙasa, ɓangaren mata. Ni ne uba yanzu, ni na amince, na haɗa ta da ƙanwarmu Asabe ta yi mata rakiya. Kafin su tafi Hauwa ta zaunar da ni ta ce, "Baffa, a can doka da tsanani. In waya ta yi ƙara a jikin mutum, ya faɗi wasan nan take. In kuwa aka ga wani ya turo masa abin da zai buga, korarsa za a yi, sunansa ya shiga bakin duniya a matsayin mai maguɗi." Na faɗa a majalisa, kowa ya gyaɗa kai, har da Alhaji.

Ranar da abin ya faru, Hauwa tana karawa da wata wadda aka ce ta sha cin gasar. Waya tana hannuna ina karanto motsi, ana turawa a tsohon allon Yaya. Wasa ya yi tsami, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, Alhaji na rantsuwa cewa in Hauwa ta cinye sojan gefe da rumbunta an gama. Ban lura da tashinsa ba. Sai ganinsa na yi ya fito daga bayan dangar gidanmu yana mayar da wayarsa aljihu, yana washe baki.

"Na gaya mata," in ji shi.

Na ce, "Ka gaya wa wa?"

"'Yata mana. Na kira ba ta ɗauka ba, sai na yi mata saƙon murya."

Inna lillahi! Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Mutumin da nake kira Yaya Alhaji tun ina yaro, ranar na ɗaga masa murya a gaban jama'a. Shi kuma ko a jikinsa. A ganinsa wannan doka ta baƙi ce, ta masu sayen nasara. Shi uba ne, ya ga hanya, ta yaya zai zauna yana kallon 'yar amininsa tana lalube? Sai da na ce masa, "Gobe in aka rubuta cewa 'yar Malam Sani ta yi maguɗi, kai za ka je ka goge?" sannan na ga fuskarsa ta sauya. Ya nemi gefen tabarma ya zauna.

Kamar da gangan, sai allon da ke cikin waya ya tsaya cak. Lokacin Hauwa ne, agogonta na tafiya, ba ta buga ba. Na kira Asabe, layi ya ƙi shiga. Na sake kira, shiru. Tunda aka kafa majalisar nan ban taɓa jin ta yi tsit haka ba, har kukan tumaki muke ji daga bayan gari. A raina na gama ganin alƙalin wasa tsaye a kanta, waya a hannunsa, ana fitar da ita mutane na kallo. Ba faɗuwar wasa ce ta dame ni ba, ana faɗuwa kullum. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yarinyar da ubanta ya bar mini amana, mu da muke sonta mu ɓata mata suna da hannunmu.

Muna haka sai wani ya ce, "Ta buga!" Limaminta ta ja baya, ba ta ko kalli sojan da Alhaji ya ce ta ci ba. Tunani kawai take yi, baiwar Allah. Can sai ga kiran Asabe. Ashe wayar Hauwa tana cikin jakar Asabe a waje, Hauwa ta damƙa mata tun a ƙofa. Asabe ta ce da ta ga sunan Alhaji har ta miƙe, don a tarbiyyarmu ba a zaune wa saƙon babba. Ta kai bakin ƙofar ɗakin wasan sai ta tuna yadda yarinyar ta riƙe mata hannu ta ce ko wa ya kira, ko Baffa ne, kada ta shigo. Ta koma ta zauna. Na yi ajiyar zuciya, na zauna kusa da Alhaji muna ta hamdala. Wasan canjaras aka tashi. Hauwa ba ta ci gasar ba, a tsakiyar jerin 'yan wasan ta ƙare, amma ban taɓa murnar wata nasara kamar yadda na yi murnar wannan tsakiyar ba.

Da ta dawo gida ta je gaida Alhaji, ni na raka ta. Ya kasa haɗa ido da ita. Amma hali ba ya ɓuya, bayan gaisuwa da ban haƙuri sai da ya ɗan gyara murya ya ce, "To amma, Hauwa'u, shawarar tawa fa? Da kin bi, da an ci ko?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban saurara ba, Baba. Sa Gwaggo na yi ta goge. Ina so duk ranar da aka tambaye ni in iya rantsuwa ban ji ba."

Sai na ga Alhaji yana goge ido da bakin rawani.

In za a auna abin da Yaya Sani ya bari, gonarsa 'yar kaɗan ce, littattafansa gara ta ci rabi, mu kuma da ya yi shekaru yana fama da mu har yau ba mu iya kallon wasa baki rufe ba, kuma ban ga alamar za mu iya ba. Amma ya bar yarinyar da aka kai wa taimako har cikin jaka, ba mai ganinta, ta ƙi buɗewa. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Alhaji Ɗanjuma kuwa har yanzu shi ya fi kowa ihu a gindin tsamiya, sai dai duk ranar da Hauwa take wasa, kafin ya zauna yakan zaro wayarsa ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe, ban yarda da kaina ba."