Mai Rufe Layukan Ƙasa

Ina zaune a bencin asibiti, ledar kayan Kaka a cinyata. Da safen nan ta cika, ba ta ƙarasa min labarin ƙaurarsu ba. Har yanzu ko hawaye babu.

Kusa da ni wata ɗaliba ce, bakin hijabinta duk tawada. Tana karanta wani littafi mai kauri da bangonsa ya rabu. Da katin asibiti take rufe layukan ƙasa, tana jan shi a hankali.

Wata dattijuwa mai shara ta tsaya a kanta. "'Yan mata, irin wannan karatu? Jarrabawa ce?"

"A'a, Mama, labari ne. Na wani gari da aka yi wa ƙawanya a zamanin da."

"To leƙa ƙarshen mana, ki huta."

"Ai kowa ya san an ci garin, har a aji an koya mana. Abin da tarihi bai faɗa ba shi ne wa ya koma gida. Shi ya sa nake son irinsu."

Tsakanin ƙafafunta akwai takalman namiji, manya, a goge. Ina jin na mahaifinta ne, don duk sanda ƙofar ɗakin tiyata ta motsa sai katin ya tsaya.

Ga likita ya fito, yana tambayar wa ya zo da dattijon. Ta ji shi sarai. Ba ta ɗago ba. Ta danne katin da yatsu biyu.