Danshin Guangzhou Ya Cinye Muryar Baba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sabo direba, shida daga ciki a Guangzhou na yi su, inda aure ya kawo ni. Kaset guda ɗaya na taho da shi daga cikin kayansa.

Baba ya ja tirela tsakanin Kano da Legas har ƙarfinsa ya ƙare. Jam'i ba ya wuce shi, amma Allah ya ɗora masa son tsohon kiɗan Amurka. Ina ƙarama na ji ya ce "rokanrol", na ɗauka roƙo ne, na tambaye shi ko Turawa ma suna da maroƙa. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce akwai kantiri, waƙar ƙauyawan kudancin Amurka, ta manoma da masu kewar gida. Akwai kuma ta baƙar fata, jikokin bayi, mai nauyi a ƙirji. Maƙwabta ne, talaucinsu ɗaya, suna satar jin juna a rediyo, har aka haifi wannan ɗa mai rawar kai, rokanrol. "Rage masa gudu, Hauwa'u, za ki ga kamannin kantiri a fuskarsa." An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan uban ne mai tafiyar hawainiya, ɗan ya sheƙa.

Ba don kiɗan nake ajiye da kaset ɗin ba. Wata rana Baba ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure, muryarsa ta hau tsakiyar waƙa: tari biyu, da kiran sunana in kawo buta. Ita kaɗai ta rage mana.

Bana, lokacin da bangon garin nan ke gumi saboda danshi, na buɗe akwati na tarar funfuna ta yi wa zaren fari. Ni da maigida muka bi shagunan waya na unguwar Dengfeng muna neman rikoda. Ko'ina "meyo", wato babu. Ƙasar da ke ƙera komai! Da Baba zai ga yau, kowa da waƙa dubu a aljihu, ba mai haƙurin jin ɗaya ta ƙare, na san kai kawai zai girgiza.

Da ƙyar muka samu wani tsohon Basine mai gyara a cikin lungu. Ya goge zaren, ya sa a rikodarsa da ita ma ta gaji, tana ja da ƙyar. Kiɗan nan mai tsalle ya fito a hankali, yana kuka. Kantiri sak. Baba ya yi gaskiya. Na kasa kunne ina jiran tarin. Da aka zo wurin, sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano.

"Yi haƙuri, Maman A'isha," in ji maigida, "waƙar tana nan a waya."

"Alhaji, ai ba waƙar na zo nema ba."

Na bar kaset ɗin a teburin tsohon. Na gaji da gadin abin da ba ya gaduwa, kuma gaskiya ko a kaina muryar ta fara dusashewa. Abin da ruwa ya ci, ba a bin sa da ƙwarya. Ranar Juma'a na dafa shinkafa da wake, maigida ya kai wa 'yan kasuwarmu sadaka bayan an sauko. Wannan dai na san tana isa inda Baba yake. In ni na manta muryarsa, Wanda ya halicce ta bai manta ba. Allah ya jiƙanka, Baba.