Littafina Ne Ya Raba Mai Jego Da Aikinta

A shekarar da abin nan ya faru ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na kwalejin horar da malamai, shekaruna ashirin da ɗaya. Duk wanda ya san ni a lokacin da abu biyu ya san ni, rashin magana da tsabtar littafi. A aji kujerar jikin bango nake zama, ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma ba na rubuta kwanan wata sai na ja masa layi da rula, kuma ba na iya ganin gurbi a takarda in bar shi fari. A wajena wannan hali shi ne gaskiya da riƙon amana. Yau na rubuto muku ne in faɗi abin da ya jawo wa wata baiwar Allah, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Da aka raba mu makarantu don koyon aikin koyarwa, sai aka tura ni wata firamare a wani ƙauye tsakanin Gezawa da Minjibir, ba nisa da garinmu. Shekarar ce kuɗin mota ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni alhali ana tsakiyar kaka. Kullum da safe a ƙasa nake tafiya, in ratsa gonakin gero da aka girbe, in wuce masu cirar gyaɗa, waɗanda rabinsu yaran ajina ne. An haɗa ni da malamar aji huɗu, wata doguwar mace mai fara'a da ta girme ni da kamar shekara takwas. Shekararta uku tana koyarwa a matsayin malamar wucin gadi, tana jiran ranar da za a ba ta takardar aiki ta dindindin. Ita ta koya mini yadda ake sa yara saba'in su yi shiru ba tare da an ɗauki bulala ba. Ranar farko da ta ga ina jan layi sai ta kwashe da dariya, ta ce ashe injiniya aka turo musu, daga nan ta raɗa mini Mai Rula, sunan ya bi ni har ofishin hedimasta. Da tara ta yi takan kwance ɗaurin dafaffiyar gyaɗa ta tura mini, ta ce in ci, wai iska za ta ɗauke ni a hanya a zo a tuhume ta.

Malama tana da tsohon ciki. Babban hijabi take sawa, amma kowa ya gani. Cikin fari ne bayan shekara shida da aure, kuma a wajenmu ba a maganar cikin fari, ita ba ta faɗa, mu ba ma tambaya. Sati na uku da zuwana, wata Litinin na iso na tarar da kujerarta babu kowa. Hedimasta, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira ni ya ce Malama ta sauka lafiya, an samu mace, tana gidan iyayenta wajen Minjibir don wankan jego, in riƙe ajin har ta yi arba'in. Na yi murna, na ɗauka hutun haihuwa ta karɓa kamar kowace ma'aikaciya.

Sai daga baya na san ba ta rubuta takardar neman hutu ba. An daɗe ana raɗe-raɗin za a zo tantance malaman wucin gadi a ɗauki wasu. Malamai suna faɗa a tsakaninsu cewa duk wadda aka ga takardar hutun haihuwa a fayil ɗinta gefe ake tura ta, a ce ta jira wani zagaye, kuma babu wanda ya san ranar wani zagayen. Ban san ko haka doka ta ce ba, amma kowa ya yarda haka ake yi. Don haka hedimasta da sauran malamai suka rufa mata asiri, aka bar abin a matsayin tana nan tana zuwa aiki. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Sun ɗauka ni 'yar gida ce, na gane.

Kowane ɗalibi mai koyon koyarwa yana da littafin shirin darasi. A ƙarshen kowane shafi akwai layin da malamin aji zai sa hannu, shaidar ya ga darasin. Da Malama ta tafi sai layin ya zama fari, ni kuwa na kasa jurewa. Sai na ɗauki biro na rubuta a wurin cewa malamar aji tana hutun haihuwa, na sa kwanan wata, na ja layi. Washegari ma haka. Kullum haka. A tsakanin nan malaminmu na kwaleji ya zo duba ni sau biyu, ya sa hannu da jan biro a shafuka, ya ba ni maki, ya ce bai taɓa ganin littafi mai tsari irin nawa ba, in an gama zai tafi da shi a nuna wa 'yan baya. Ni da ban saba a yabe ni a gaban mutane ba, ranar har gida ban ji nisan hanya ba.

Ana saura kwana huɗu masu tantancewa su zo, hedimasta ya ga littafin a kan tebur. Bai yi faɗa ba. Ya kira ni gindin darbejiyar da ke bakin ofis, ya tambayi lafiyar Baba, ya tambayi yadda geronmu ya yi bana, ya yi ta kewaye-kewaye. Can sai ya miƙo mini sabon littafi, ya kira ni 'yata, ya ce wancan ya fara tsufa, in daure in kwafe shi a wannan, layin ƙarshen nan kuma in bar shi fari, mai shi za ta cike in ta zo. Ya ƙara da cewa baƙi suna tafe, kuma ido ba ya raina rubutu. Wallahi na gane abin da yake nufi sarai. Na sunkuyar da kai na ce to.

Na je gida na fara kwafa bayan la'asar. Na yi shafi biyu, da na kai inda jan biron malaminmu yake sai na tsaya. Sa hannunsa ba zai kwafu ba, makin da ya ba ni ba zai bi ni sabon littafi ba. Na tuna Baba ya ce wannan shekarar ce ta ƙarshe da zai iya ɗaukar nauyin karatuna, in na faɗi sai dai in haƙura. Na rufe sabon littafin na tura shi ƙarƙashin katifa, na gaya wa kaina manyan mutane ba za su tsaya duba littafin ɗaliba ba. Da a ce na koma na gaya wa hedimasta na kasa, da ya nemi wata dabara, ko ya ce in yi zamana a gida ranar. Amma kunya ta hana ni. Da ya tambaye ni ko an gama aikin nan, sai na yi ƙasa da kai na yi shiru, shi kuma ya ɗauka na amsa. Kuma da yake ƙa'idar kwaleji ta ce kada a tsaya gaban allo ba littafi a kan tebur, ranar da baƙin za su zo na saka tsohon littafin a jaka na tafi da shi.

Ranar kwanan Malama talatin da uku da haihuwa. A kan acaɓa ta zo, ta baro jaririyar a hannun mahaifiyarta, wadda ta yi ta faɗa tana cewa ba a taɓa mai jego ta fita kafin arba'in a gidansu ba. Ta rame, fatarta ta yi haske saboda ruwan zafi, tana ƙanshin hayaƙi da ganyen wanka. Ta rungume ni ta ce Mai Rula ta riƙe mata gida, Allah ya ba ni miji mai haƙuri da layi. Ta ɗauki alli ta tsaya gaban allo kamar jiya ta bar shi. Wajen sha ɗaya baƙi biyu suka shigo, wata dattijuwa mai tabarau da wani mutum mai riƙe da fayil. Suka duba takardunta, suka yi wa yara tambayoyi, yaran suka amsa da kyau. Har sun juya za su fita, sai mutumin ya hangi littafina. Ya ɗauka yana cewa masha Allah, wannan rubutu kamar na inji. Ya buɗe shafi, ya buɗe na gaba, sai murmushinsa ya ɗauke. Sau ashirin da uku na rubuta maganar nan, kowacce da kwanan watanta.

Ya tambaya wa ya rubuta, na ce ni ce. Ya tambaya ko gaskiya ne, na kalli ƙasa na gyaɗa kai. Ya buɗe fayil ɗin Malama ya ce shi bai ga takardar hutu ba, to da izinin wa ta bar aji fiye da wata guda. Nono ya zubo wa Malama ya jiƙa gaban hijabinta, ta sa hannu mai alli ta rufe wurin. Dattijuwar ta cire tabaranta ta dube ni, ta ce ita ma ta haifi biyar, tun daga bakin ƙofa ta ji ƙanshin jego ta yi kamar ba ta ji ba, amma abin da aka rubuta aka sa wa kwanan wata ba ta da ikon goge shi. Har yau ban manta yadda ta dube ni ba.

Da sunaye suka fito babu na Malama, aikin wucin gadin ma aka sallame ta, aka ce ta bar aiki ba izini. Hedimasta aka ba shi takardar tuhuma, aka mayar da shi wata makaranta mai nisa a matsayin malamin aji, da furfurarsa. Ni kuwa na samu maki mafi girma a ajinmu. Littafin yana can kwaleji ana nuna wa ɗalibai. Ban je barka ba, ban je jaje ba, ban je ban haƙuri ba. Na bar ƙauyen kamar ɓarauniya.

Bayan fiye da shekara na shiga kasuwar Gezawa sayen kayan aurena, sai na ji an ƙwala kiran Mai Rula. Ita ce zaune a bayan kwalaben man gyaɗa da tiren ƙuli-ƙuli, yarinyar tana goye a bayanta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta yi dariya ta ce ko da rular na zo in auna mata man, in da ita na zo to ta tashi kasuwa. Ta ce ta nemi koyarwa a makarantun kuɗi guda uku, ko'ina tambayar farko ita ce tana goyo ne, ta biyu kuma yaushe za ta sake haihuwa. Ta ce mijinta ya sayar da awakin da yake kiwo ya ja mata jari. Har yanzu wai in ta ji ƙararrawar makarantar unguwarsu sai ta zabura ta nemi hijabi. Na fara ba ta haƙuri sai ta tsayar da ni. Ta ce rubutun bai yi mata ciwo ba, ai gaskiya na rubuta. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ranar da ta rungume ni littafin yana kan tebur a tsakaninmu, na san abin da ke ciki, ban ce mata komai ba. Kalma ɗaya da ta ishe ta ta jefa shi cikin jakarta. Ta ce ta yafe mini, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli ta ce in kai wa ango. Na kawo shi gida na kasa ci.

Yanzu ina karatun digiri a ƙarshen mako, ina kuma koyarwa a wata makarantar kuɗi. Cikina wata shida, na fari, kuma na sayi babban hijabi. Wadda ta riga ni haihuwa a makarantar ta dawo bayan arba'in ta tarar da wata a ajinta, aka ce mata yara ba za su jira ta ba. Iyayenmu suna cewa mai jego ba ta fita sai ta cika kwanakinta, masu ba da aiki suna cewa wadda ta zauna ta ba da wuri, mace tana tsakiya da jariri a hannu, kuma duk wanda ta bi ɗayan zai hukunta ta. Masu ɗaukar ma'aikata su ji tsoron Allah, babu ɗayansu da ba mai jego ce ta raine shi ba. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba, nawa laifin daban ne. Ga 'yan'uwana ɗalibai masu kunya irina: in babba ya sa ki abin da ba za ki iya ba, buɗe baki ki ce ba za ki iya ba. Shirun da na yi na ɗauka ladabi ne, ashe ƙarya ce, kuma wata ce ta ɗauki nauyinta. Kafin ki rubuta abu a kan wani, tambayi kanki hannun wa takardar za ta faɗa. Ku kuma mata ma'aikata, rufin asirin abokan aiki ba ya tsayawa a gaban fayil. Ku rubuta takardar hutunku, in za a zalunce ku a zalunce ku da shaida a hannunku, kada a kira ku masu gudun aiki.

Ni ma na rubuta tawa. Rubutun ya yi kyau, na sa kwanan wata, na ja masa layi da rula. Yau kwananta tara a cikin jakata, kullum sai na wuce ƙofar ofishin shugaban makaranta in kasa shiga. Sai yanzu na san abin da Malama take ji a ƙarƙashin hijabin nan lokacin da take tura mini gyaɗa tana dariya.