Matar da Iya Ta Ƙi Bari a Tsakiyar Kogi

Saura kwana goma sha ɗaya in miƙa littafina aka hura gawayi da babi na tara.

Shekara shida ina fama da labarin nan, tsakanin firamaren da nake koyarwa a nan Kontagora, da wanki, da girki, da yara uku. Da ƙyar na samu wani kamfanin ɗab'i ya karanta rabinsa ya ce yana so, amma da sharaɗi: in ban aika shi cikakke ba ranar Juma'ar ƙarshen wata, za su ba wani gurbina. Ni kuwa da biro nake rubutu a littafin 'yan makaranta, daga baya in kwafe a waya. Babi na tara ban kai ga kwafewa ba.

Yaya Asabe, yayar maigidana, ta zo daga Bangi ganin likita saboda ƙafarta. Da safe ta ce bari ta taya ni dama koko. Gawayi ya sha ruwan sama ya ƙi kamawa, sai ta hango littafi a kan tabarma. Da na fito daga wanka na ga bangonsa a hannunta tana fifita wuta da shi, sai na ruga na fizge shi.

"Yaya! Me kika yi?"

"Haba Maman Sadiya, ai sai da na duba. Babu Arabi ko ɗaya a ciki, duk boko ne."

Kuma fa a wajenta ta yi daidai. A gidajenmu takarda iri biyu ce. Mai rubutun Arabi, ko a kwata aka gan ta sai an ɗauka an goge an soke ta a bango. Ta boko kuwa ta ƙunshin ƙosai ce da hura wuta. Maigidan ma da na kai masa ƙara, yana sa takalmi ya ce, "Ki yi haƙuri mana. Ba ke kika ƙirƙira ba? Ki sake ƙirƙiro wani." Ka ji fa! Kamar tuwo ne ya zube a sake tuƙawa. Na koma ɗaki raina na tafasa, kuma ba kowa ya faɗo mini ba sai Iya.

Iya kakata ce ta wajen uwa. A Kaboji take, wajenta ake kai mu hutun makaranta lokacin da aka gama cire gyaɗa. 'Yar Kambari ce, har ta bar duniya Hausarta ba ta miƙe ba, mu kuwa mu yi ta kwaikwayonta a bayan rumbu. Amma in ta buɗe baki da tatsuniya, ko tari ba ka ji. Ana idar da isha'i za a zube buhun gyaɗa a gefen murhu, mu kewaye shi muna ɓarewa muna watsa ɓawon a wuta. Dokarta ɗaya ce: hannu ya tsaya, baki ya tsaya. Sai ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan tafe da ƙafarta, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Ta zauna, Iya!"

Abin haushin, da wuya tatsuniyar Iya ta kai ƙarshe. Ana tsakiyar daɗi za a ƙwala mata kira. Akuya ta tsinke. Jariri ya tashi. Kawu Sale, babban ɗanta, ya yi baƙi a zaure a ɗumama miya. Gidan cike da manya, amma ita ake kira, don a ganinsu duk gidan ita ce ke zaman banza. Ta miƙe ta ce mana gobe. Goben kuma wata sabuwa za ta ɗauko.

Wani dare ta ɗauko ta wata maginiyar tukwane. Matar ta ƙudura za ta gina randa ɗaya wadda ba a taɓa ganin irinta ba, ta kai ta kasuwar ƙetaren kogi kafin ruwa ya cika. Ta haƙo yumɓunta daga nesa, ta kwaɓa, ta rufe. Mijinta ya ɗiba ya liƙe rumbu, ya ce ai ƙasa ce. Maƙwabciya ta ɗiba ta gyara murhu, ta ce ai ƙasa ce. Kullum sai ta koma haƙo wani. Kafin ta gama ta gasa randar, damina ta faɗi. Ta ɗora abarta a ka ta shiga kogi. Ruwa a gwiwa, ruwa a ƙugu, ruwa a ƙirji, ga wani ruwan na gangarowa daga sama da itatuwa.

Daidai nan Kawu Sale ya leƙo. "Iya, mutanen Kumbashi sun iso. A ɗan dafa musu wani abu."

Muka yi tsuru-tsuru, mun san an gama. Iya ko motsi ba ta yi ba.

"Ina aiki," ta ce.

"Wane aiki kuma? Tatsuniya?"

"Sale, ina da mata a tsakiyar kogi. In na tashi ta nutse, kai za ka tsamo ta? Ga tukunya can, ga itace, hannunka biyu ne kamar nawa."

Kawu ya juya ya fita. Can sai muka ji ƙarar murfin tukunya, yana ta ƙunƙuni. Iya ta dube mu ta ce, "Hannu fa!" Muka koma kan gyaɗa da sauri.

Maginiyar, in ji Iya, da ruwa ya kai mata wuya sai ta sauke randar a kan ruwa ta rungume ta. Randa ta yi iyo da ita har gaɓa. Mutanen gidanta suka taru a ɗaya gaɓar suna kira, ta dawo, wa zai yi musu tuwo? Ta ce su tuƙa a yumɓun da suka ɗiba, ai ƙasa ce. Muka fashe da dariya. Iya ta ce, "Ta kakkaɓe zaninta ta tafi, ku ma ku tashi." Ita dai ba ta yi dariya ba.

A lokacin na ɗauka darasin shi ne randa tana iyo. Sai da na zauna a bakin gado da bangon littafina, gefensa ya babbake, na gane wace ce maginiyar. Tsohuwar nan kanta cike yake da labarai, ba ta iya rubutu ba, abin da take da shi kawai ɗan lokacin nan na bayan isha'i, shi ma kowa sai ya gutsira. Mutum nawa aka sa ta bari a rijiya, a kan bishiya, a bakin kura? Mu ma da muke sonta, ko sau ɗaya ba mu taɓa tashi mun kamo akuyar ba. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Washegari na fito da tebur tsakar gida, inda kowa zai gan ni. Yaya Asabe, kunya ta ishe ta, ta matso ta ce, "Ki riƙa sa Bismillah a sama mana, a san abin kirki ne." Maganar ta ƙona mini rai, shekara shida ba su isa shaida ba. Amma na rubuta, da Arabi, a kan kowane shafi. Tun daga nan ko iska ta kwashe takarda, da hannu biyu ake dawo mini da ita.

Babi na tara bai dawo yadda yake ba. Akwai wata hira a ciki da na neme ta na rasa, kuma ba zan ce na huce ba. Ranar Alhamis da la'asar, saura shafi huɗu, maigidan ya shigo da fara'arsa.

"Maman Sadiya, abokan aikina ne a waje. A ɗan sama musu abin taɓawa."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Baban Sadiya, ina da mata a tsakiyar kogi."

"Wane kogi?"

"Ga tukunya can, ga gawayi."

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Yaya Asabe ta yunƙura za ta tashi da ciwon ƙafarta, sai kuma ta koma ta zauna, ta ce wa ƙanenta, "Ba ka ji ba? Aiki take yi."

Ranar Juma'a kafin a kira salla na aika. Shinkafar da baƙin suka ci ta kama, har gida uku an ji ƙauri, kuma babu wanda ya mutu. Matata dai ta haye.