Kawuna Ya Ba Maƙwabcina Gaskiya

Shekara uku rabona da garinmu Dungas, ina nan Aljeriya ina kwaɓa siminti, sai ga waya wai maƙwabcina Ilu ya ci iyakar gonata.

Aka ce a sasanta a gida, kowa ya kawo dattijo guda. Na zaɓi Kawu Sale. Wallahi shi ya fara ba Ilu gaskiya!

Na kira shi: "Haba Kawu, ni fa na kawo ka!"

Ya yi dariya. "Ɗana, alƙalin Magariya in ya san ka, janyewa yake. Ni don na san ku aka kira ni. A gabana kakanka ya dasa gambar iyakar nan, kuma Ilu bai ƙetare ta ba."

Na ji haushi, amma bai yi ƙarya ba. Na haƙura da wurin.

Jama'a, goron sallar Kawu fa, in aika ko in riƙe?