Jiƙaƙƙen Tsumma a Ƙofar Gidan Alhaji

Motar da maigidana ya mutu ya bari tana da hali irin na tsofaffi. Da safe murɗa makulli ɗaya take tashi, har da zumuɗi. Amma ta yi tafiya ta ɗau zafi ka kashe ta, to ka nemi inuwa ka zauna. Injin zai yi ta juyawa kamar ana niƙa a banza, ba za ta kama ba sai ta huce don kanta.

Da aka raba gado ta faɗo rabona da na 'ya'yana. Ina koyarwa a Ƙanƙara, mahaifiyata kuwa tana Sabuwa, ƙafa ta hana ta tashi. Duk ƙarshen mako nakan bi ta Sheme da Faskari in kai mata magani, in wanke mata kai, in dawo kafin rana ta yi sanyi, don hanyar nan ba ta yamma ba ce. Ba don motar ba, sai in yi wata ban ga Inna ba. Wannan ne kawai abin da ya sa na riƙe ta da hannu biyu.

Yayan maigidana, Alhaji, yana Faskari, gidansa a bakin hanyata. Tun ana zaman makoki idonsa ke kan motar, yana so ɗansa ya riƙa jigilar 'yan kasuwar Sheme da ita. Bai taɓa cewa in ba shi ba. Cewa yake yi mota tana son hannun namiji, wata rana za ta mace mini a daji in rasa mai turawa. Da labarin ƙin tashinta ya kai masa, sai ya samu abin kamawa. Ya aiko cewa in ta mutu a gabansa, nan za ta kwana, ba zai zuba ido matar ƙaninsa tana zama abin kallo a titi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye ba. Na kai ta gareji, bakanike ya ce batir ne, aka sake, ba ta canja zani ba. Wani ya ce fulogi. Na uku ko bonet bai buɗe ba ya tambaye ni ina mai motar, na ce ga ta tsaye a gabanka tana cin rana. Matsalar ita ce duk da safe nake kai musu ita, lokacin tana da lafiya, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka a ƙofar asibiti.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na koma ina zagaya gari da gangan har ta ɗau zafi, in kashe ta a tsakar gida, in tsaya ina sauraro. Batir ba shi da laifi, tunda injin na juyawa da ƙarfi. Mai yana zuwa, don har warinsa nake ji. Saura wuta. Na koma wurin bakaniken farko da ita da zafinta, na ce ya duba mini tartsatsi yanzu, ba anjima ba. Babu. Kwayil ne, ɗan abin da ke ba fulogi wuta, ya tsufa, zafi na kashe shi. Sabo sai an aiko daga nesa. Kafin ya iso, ya ce in riƙa ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma, ruwa kada ya taɓa wayoyi.

A makon ne aka yi haihuwa a gidan Alhaji, dole in tsaya barka. Nan ne tarkon yake. A wurinmu ba a barin mota tana ruri a ƙofar babba. Wanda ya yi haka ya ce da mai gida ina sauri, ba ka kai in zauna ba. In na bar ta a kunne, an samu marar kunya. In na kashe ta, an samu mota. Alhaji ya san wannan sarai, shi ya sa na tarar da shi kan dakali da abokansa, sun ƙure ni da ido tun daga kwana.

Na tsaya daidai gabansa na kashe ta. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na shiga na ga jaririya, na sha fura a tsaye, na fito. Na murɗa makulli. Ta yi ta juyawa, ba ta kama ba. Wani daga cikinsu ya yi tarin da ba na mura ba.

Alhaji ya miƙo hannu. "Kawo makullin, ɗiyata. A sa ki a motar haya ki tahi gida. Mi ya yi zahi?"

"Alhaji, a ara mini buta dai."

Na naɗe mayafina a ƙugu, na buɗe bonet, na jiƙa tsohon zanen Inna da nake ajiyewa ƙarƙashin kujera, na matse, na lulluɓe kwayil. Tururi ya tashi. Na sake jiƙawa. Ba zan yi ƙarya ba, tsoro nake ji. Amma na tsaya ƙyam, ban kalli dakalin ba. Ɗan nasa ya matso wai zai taimaka, na ce ya koma inuwa kada rigarsa ta ɓaci.

Na shiga, na yi bismillah, na murɗa. Ta yi tari sau ɗaya ta kama.

Ban ja ta nan take ba. Na fito na ɗauraye butar, na kai ta har gaban Alhaji na ajiye da hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi motar da ke ruri a ƙofarsa, ya ce ashe yau zan bar ta a kunne a gabansa.

"Na kashe ta don girmanka, Alhaji. Na tashe ta don Inna na jirana."

Na isa Sabuwa da sauran rana. Inna ta ga zanenta sharkaf da baƙin mai, ta tambayi wanda ya yi masa wannan aika-aika. Na ce ai zanen nan shi ya kawo ni.