Isyaku, Fadamar Aku da Bakin Tanimu

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Isyaku, ɗan ƙanwar mahaifina, taubashina, mutumin da ya fi kowa sanin cewa idan na ce na ga mutum dubu, to a je a nemi uku. Duk shekara idan watan nan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki waya, in ajiye. Bana dai na daure. Waɗanda suka san ni a unguwar Al Ras ta Dubai za su zaci Tanimu ya zo da sabon abin dariya. Ku yi haƙuri. Wannan karon abin da ya faru zan faɗa, gishirin da zan sa ba zai wuce na miya ba.

Isyaku bautar ƙasa ce ta kai shi can kurmin kudu, daf da iyaka, shi ke nan bai dawo ba. Shekara ashirin yana ja-gorancin baƙi a gandun dajin da ke wurin. Turawa kan zo da madubin hangen nesa da littattafai masu nauyin bulo, su kwana uku cikin ruwan sama da cizon ƙudaje don su ga tsuntsu ɗaya, in sun gan shi har hawaye suke yi. Shi kuwa ko kansa ba ya ɗagawa. Daga kuka zai gaya maka wane tsuntsu ne, namiji ne ko mace, ya karya kumallo ko bai karya ba. Ni Sarkin Birai nake ce masa, shi kuma ya ce mini Bawan Larabawa.

Amma abin da ya fi ji da shi wata fadama ce a tsakiyar kurmin, inda aku ke sauka da sassafe su sha ruwa su ci wata ƙasa mai kanwa-kanwa. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wadda ke magana kamar mutum. Fadamar ta mutanen wani ƙauye ce. Idan za su yi wa baƙi rawar gargajiya sukan sa wata hula mai jajayen gashin aku, kuma ba a cire gashin daga jikin tsuntsu, sai wanda ya faɗi da kansa ake tsinta. Hula ɗaya takan ci shekaru kafin ta cika. Isyaku kaɗai dattawan ƙauyen suka yarje wa ya kai baƙi wurin, bisa sharaɗi biyu: ba a ɗaukar hoto, ba a faɗin hanya. Shi ya sa yake zagaye da mutane, ya hau nan ya gangara can, har sai kan mutum ya juye.

A farkon shekarar da ya rasu na zo hutu gida, na matsa masa sai ya kai ni. Ya kai ni. Muna durƙushe cikin ciyawa, gari bai gama wayewa ba, sai sama ta rufe da kuka da fito, suka fara zubowa kamar an kwance buhun toka mai wuta a gindi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ni da na ga dogayen benen Dubai har wuyana ya ƙage. Isyaku yana can gaba da baƙinsa biyu, ni kuwa na zaro waya a hankali. Kuma da yake ni ne, ban tsaya ga hoto ba, sai da na yi sharhi cikin raɗa: ga Tanimu a ƙauye kaza, mun ƙetare gadar igiya, tafiyar awa biyu, aku sun fi dubu hamsin.

Na dawo Dubai, na nuna bidiyon a gidan cin abincin da muke taruwa, inda dubu hamsin ta zama miliyan kafin a kawo shayi. Kowa ya yi dariya, ban da maigidana. Zan kira shi Alhaji Mudi. Ɗan kago ne, mai harkar jigilar kaya, a ƙarƙashin kamfaninsa bizata take, wato zamana a ƙasar nan yana cikin aljihunsa. Ya ce, “Tura mini, habibi, in nuna wa yara.” Na tura.

Bayan wata huɗu hukumar gandun ta turo Isyaku Dubai wani baje kolin yawon buɗe ido. Murna kamar in tashi sama. Na kai shi ko’ina, na ciyar da shi shinkafar Larabawa har ya ce in ji tsoron Allah. Rana ta uku Alhaji ya ce in kawo masa baƙona su gaisa, amma ba a ofis ba, a wani gida da yake da shi a International City, bayan babbar kasuwar ’yan China.

Tun daga bakin ƙofa na ga Isyaku ya tsaya. Ni warin ne ya fara dukana, shi kuwa wani ɗan ƙaramin fito ya ji. Alhaji ya buɗe ɗakin ciki. Keji a kan keji har rufi, na’urar sanyi tana hurawa, aku a ciki, wasu sun fige ƙirjinsu da bakinsu har fata ta fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun. Tsuntsayen da na ji sun cika kurmi da surutu, ga su nan ɗaki guda, ɗaya ce kawai ke ɗan motsa murya.

Muka zauna a falo. Alhaji ya zuba mana gahawa da hannunsa, ya kunna talabijin, sai ga muryata. Ga Tanimu a ƙauye kaza, mun ƙetare gadar igiya. A gaban Isyaku. Bai kalle ni ba. Wallahi da mari ya ɗauke ni da shi da na ji sauƙi.

“Malam Isyaku, ni ba na son doguwar magana,” in ji Alhaji. “Mutanena sun riga sun isa gadar. Bayanta hanya ta rabu biyu, kuma ’yan ƙauyen sun ƙi magana. Hagu ko dama? Khalas, magana ta ƙare, abin da nake tambaya ke nan. Sauran, ni na san yadda zan kyautata maka.”

Isyaku ya ajiye ɗan kofinsa, bai ko kurɓa ba. “Alhaji, na gode da gahawa. Wurin ba nawa ba ne, amana aka ba ni. Waɗannan na ciki kuma, ka sa a rage musu sanyi, ba za su kai mako biyu a haka ba.”

Alhaji ya yi murmushi, ya juyo gare ni. “To kai fa, Tanimu? Ai da ƙafarka ka je. Bizarka ma na ga ta kusa sabuntawa, ko ba haka ba?”

Ni da ake roƙo in yi shiru a gidan makoki, ranar harshena ya manne. Na tuna matata da yaranmu uku a Bur Dubai, biyu suna makaranta. Na tuna dattawan da suka ba ni ruwa a ƙoƙo. Sai dabara ta zo mini, irin ta masu wayo. A iya tunawata, bayan gadar dama muka bi. To ba sai in yi abin da na fi iyawa ba? Na gyara zama na ce, “Ranka ya daɗe, hagu ce. Hagu sosai. Ko makaho ba zai ɓata ba.” Na saci kallon Isyaku ina jiran ya gane gwanintata. Na ga ya rufe ido.

Muka fito muka hau tasi. Sai da muka shiga abra, ɗan kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane zuwa Bur Dubai, injin yana ƙara, na matsa kusa da shi na ce, “Sarkin Birai, ka ga yadda na ɓatar da shi?”

Ya ce, “Hagun ce, Tanimu. Dama nake bi da baƙi don in zagaya da su. Ta hagu minti ashirin ne.”

Na shekara arba’in da wani abu ina ƙarya a banza, ranar da ƙarya za ta yi amfani, gaskiya ce ta fito daga bakina.

Washegari ya bar rumfarsa a baje kolin, saura kwana biyu a tashi, ya hau jirgi. Bai biya gida ba, ƙauyen ya wuce. Ya tara dattawa ya gaya musu komai, kuma matarsa Rabi ta shaida mini daga baya cewa bai ce laifin ɗan’uwana ne ba, cewa ya yi, ni na kawo shi. Suka sare bishiya suka toshe hanyar hagu, suka sa mafarautansu gadi. Sun ci karo da mutanen Alhaji da sandunan danƙo da wata aku ɗaure da zare, wadda suke kafawa don kukanta ya jawo ’yan’uwanta. Mutanen Alhajin sun riga sun kama wasu, an ƙwace an saki waɗanda ke iya tashi. Daga nan dattawa suka yanke hukunci: ba baƙon da zai sake zuwa fadamar, har Isyaku. Shi da kansa ya riƙa rubuta wa Turawansa cewa wannan ziyarar an soke ta, wasu ba su sake dawowa ba. Wata bakwai bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana tara ya cika. Mun yi waya sau da yawa kafin nan, yana amsa gaisuwa, yana tambayar yara. Bai sake ce mini Bawan Larabawa ba.

Na bar wurin Alhaji a shekarar, bayan watanni ina yawon neman wanda zai ɗauke ni. Ba jarumta ba ce, kunya ce ta kore ni.

Nakan tambayi kaina me Isyaku zai ce da ya ga yau. Yanzu ko ba ka yi sharhi ba, wayar da kanta takan faɗi inda kake tsaye. Kowa ya ga abu mai kyau sai ya watsa wa duniya kafin ma ya gama kallo. An ce doka ta tsananta a kan fataucin aku, amma har yanzu nakan ji fitonta daga barandar wani bene, in tsaya kamar an dasa ni. Lokacin da korona ta kulle mu, muna leƙen titi ta taga, hankalina yana kurmi: baƙi sun ɗauke ƙafa, masu gadi sun ragu, wa ke tsaye a gadar? Ina jin Isyaku ba zai yi dogon bayani ba. Takalmin robansa zai sa ya tafi ya duba.

Me ya rage daga gare shi? Bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Rabi tana nan a garin da ke bakin gandun, tana dafa wa baƙin da suka fara dawowa abinci, kuma matan ƙauyen har yau suna kawo mata doya da manja. Makon jiya na kira ta don gaisuwar cikar shekara. Muka yi masa addu’a, muka taɓa hira, sai na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ya shekara biyar yana cina.

“Rabi, don Allah, suna sauka har yanzu?”

 Ta ce, “Yaya Tanimu, na san amsar. Amma yana kwance a asibiti ya ce mini, ki gaya masa na yafe masa duniya da lahira, ki riƙe zumunci da shi, in ya zo ki yanka masa kaza. Maganar fadama kuwa, ko suna nan ko ba sa nan, kada ki gaya masa.”

Na yi dariya har da tari, sannan na ajiye wayar na daɗe a zaune. Mutumin nan yana cikin kabari shekara biyar, amma har yau yana gadin wurin, kuma ya san daga wane ɓangare ɓarnar take shigowa. Ban sake tambaya ba, ba kuma zan sake ba.

Allah ya jiƙan Isyaku, ya sa yadda ya riƙe amanar mutane ya zama sanadin samun rahamarsa. Ni kuma ku taya ni da addu’a, Allah ya ɗaure mini baki inda ya kamata.